Koyon Jinyar Mai Gigin Tsufa a Gida: Nazari a Kan Ƙaraye da Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan jinyar tsofaffin da gigin tsufa ya kama a gidajen ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano. Ta dogara da binciken likitoci da aka wallafa a Nijeriya da ƙetare, da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan ta auna su da tsarin zaman gidan Bahaushe a karkara. Matsayar maƙalar ita ce, jinyar irin wannan majinyaci ilimi ne da ake koya. Tausayi da biyayyar iyaye su ne tushe, amma su kaɗai ba za su nuna wa mai jinya abin yi ba ranar da surukarta ta ce ta sace mata kuɗi, ko daren da maigida ya fice ba a san inda ya nufa ba. An bayyana cutar da yawan masu fama da ita, an fayyace darussan da mai jinya ke buƙata, sannan an kawo hanyoyin isar da su ta cibiyoyin da jama'a suka riga suka amince da su.

1.0 Gabatarwa

A ƙidayar shekarar 2006, Ƙaraye tana da mutum 141,407, Rogo kuma 227,742. Tun watan Yulin 2024 ƙananan hukumomin biyu su ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye. Ƙasa ce ta noma: dawa, masara, gyaɗa, wake da rake, ga noman rani da kamun kifi a kewayen madatsar ruwa ta Chalawa da ta Kusalla. Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, don haka mutanenta suna kallon Zariya kamar yadda suke kallon Kano idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida.

Likitocin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi suna manyan birane ne: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin Zarewa ko Beli ko Yammedi da zai kai mahaifinsa ɗayan waɗannan wurare sai ya tanadi kuɗin mota na mutum biyu ko uku, ya ajiye aikin gona na yini guda. Ko ya kai shi, ganin likita na 'yan mintoci ne, sauran kwanakin shekara kuma a gida za a yi su. Kai tsoho gidan gajiyayyu kuwa abin gori ne ga zuri'a duka. Saboda haka gida shi ne asibitin mai gigin tsufa, matan gida kuma su ne ma'aikatansa. Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce: me ya kamata waɗannan mata su sani, kuma wa zai koya musu?

2.0 Cutar da Yawan Masu Fama da Ita

Gigin tsufa lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce da ke tafiya sannu a hankali, har ta taɓa tunawa, magana, lissafi, sanin wuri da lokaci, da halin mutum. Ya sha bamban da mantuwar da kowane dattijo ke yi. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli ya tuna daga baya, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya riƙe makullin ya rasa amfaninsa, ko ya ɓata tsakanin gida da masallacin da ya yi shekara arba'in yana salla a ciki, wannan ciwo ne. Kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba.

Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon suna fama ne da nau'in da ake kira cutar Alzheimer, da sunan likitan Jamus Alois Alzheimer wanda ya fara bayyana ta a 1906. Nau'i na biyu a yawa shi ne wanda toshewa ko fashewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke haddasawa, kuma yana da alaƙa ta kusa da hawan jini, ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke da cutar a 2021, sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma duk shekara ana samun sabbin kamu kusan miliyan 10. A Nijeriya, binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda Hendrie da Osuntokun suka jagoranta, ya ruwaito a 1995 cewa kashi 2.29 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan suna da cutar. A Arewa, binciken Yusuf da abokan aikinsa a Zariya, wanda aka wallafa a 2011, ya sami kusan kashi 3 cikin 100. Adeloye da abokan aikinsa, da suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, sun ƙiyasta a 2019 cewa masu cutar sun haura 300,000 a 2015, daga kimanin 63,000 a 1995. Binciken Zariya shi ne ya fi kusa da yanayin Rogo da Ƙaraye ta fuskar harshe, abinci da tsarin zama. Abin da alƙalumansa ke nunawa shi ne, da wuya a sami mazaɓa a yankin da ba ta da gidajen da ke cikin wannan jinya.

3.0 Yadda Ake Fassara Ciwon a Gida

Fassara uku suka fi yawo a bakin jama'a, kuma kowace tana da abin da take jawowa.

Ta farko ita ce “tsufa ne kawai.” Wannan tana hana zuwa asibiti, alhali akwai larurorin da ke kama da gigin tsufa kuma suna warkewa: ciwon damuwa, raunin aikin ƙullutun maƙogwaro, ƙarancin sinadarin B12, taruwar jini a ka bayan faɗuwa, kurumta da yanar ido. Tsohon da ba ya ji sosai yakan ba da amsar da ba ta dace da tambaya ba, sai a ce ya ruɗe.

Ta biyu ita ce “da gangan take yi.” Wannan ta fi faɗawa tsakanin uwar miji da matar ɗa. Inna ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin tabarma ta manta, ta ce an sace. An ba ta abinci ta cinye, ɗanta ya shigo ta ce tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Idan ɗan bai san cewa zargin sata da musun cin abinci alamomin ciwon ba ne, zai iya sakin matar da ba ta da laifi. Idan matar ba ta sani ba, za ta ƙullaci tsohuwar da ba ta san ta faɗa ba.

Ta uku ita ce sammu, iska ko maita. Addu'a da karatun Alƙur'ani a gaban majinyaci suna kwantar masa da hankali, kuma ba su saɓa wa zuwa asibiti ba. Inda matsala take shi ne duka da sunan fitar da aljani, turara hayaƙi mai shaƙe numfashi, ɗaurewa, da kashe kuɗin gida a wurin bokaye. Mafi muni shi ne jifan tsohuwa da maita don an tsince ta da dare a wata unguwa tana sambatu. Wannan zargi yana iya kai ta ga halaka, kuma yana bin 'ya'ya da jikoki har wajen neman aure.

4.0 Su Wa ke Jinyar?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke yin kashi 70 cikin 100 na awoyin jinyar masu gigin tsufa a duniya, kuma mai jinya na gida yana kashe kimanin awa 5 a kowace rana. A gidan gandu na karkarar Kano, nauyin yakan sauka a kan mace ɗaya: matar tsohon, wadda ita ma shekaru sun ja, ko matar ɗan da ya zauna a gida, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jika budurwa da aka ajiye a ɗakin kaka. Maza da yawa suna ci-rani ko sun yi ƙaura zuwa Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, abin da suke iya yi shi ne aiko da kuɗi da kiran waya. Ita kuwa mai jinyar ga girki, ga raino, ga surfe, ga ɗan abin da take sayarwa a cikin gida. Jikar da aka ba ta tsaron kaka ita ce ta farko da ke fara fashin makaranta.

5.0 Abin da Mai Jinya ke Buƙatar Koya

5.1 Magana

Darasin farko, kuma mafi wuya, shi ne barin gardama. Ƙwaƙwalwar majinyaci ba ta riƙe sabon bayani, don haka hujja ba ta amfani. Abin da ke saura a zuciyarsa bayan musu shi ne ɓacin ran, ko da ya manta dalilinsa. Idan Inna ta ce an ɗauke mata kuɗi, amsar da ta fi ita ce, “Sannu Inna, ku zo mu duba tare.” Mai jinya ta san maɓoyarta, ta kuma ajiye 'yan canji don irin wannan rana. Idan Baba ya tambayi mahaifiyarsa da ta rasu shekara talatin, sanar da shi rasuwar kowace rana sabuwar ta'aziyya ce a gare shi. Ya fi a ce, “Baba, kun tuna da ita ne? Ku ba mu labarinta.” Ba a yi ƙarya ba, ba a kuma tayar masa da hankali ba.

A tunkare shi ta gaba, a durƙusa daidai fuskarsa, a yi gajeriyar magana, tambaya ɗaya a lokaci guda. 'Yan dubiya su daina jarrabawar “Kin gane ni? Wane ne ni?” Mai gaisuwa ya faɗi kansa: “Gwaggo, ɗan ƙaninku ne, na zo gaishe ku.” Masanin nan na Ingila, Tom Kitwood, ya nuna a 1997 cewa yadda ake mu'amala da majinyaci yana iya ƙara masa ruɗewa ko ya rage. Yin zancensa a gabansa kamar ba ya nan, da barin yara su tsokane shi, suna cikin abin da ke rushe shi.

5.2 Tsarin yini

Mai gigin tsufa yana samun natsuwa idan yau ta yi kama da jiya. Lokutan salla biyar sun riga sun tsara yinin Bahaushe, sai a jingina ci, wanka, shan magani da hutu a jikinsu. Abin da hannu ya saba tun ƙuruciya yana daɗewa bai ɓace ba, don haka a ba shi ɓarar gyaɗa, tsintar wake, jan carbi ko tufkar igiya, ko da aikin bai yi kyau ba. Majinyata da yawa suna rikicewa daga la'asar zuwa magariba, su ce za su tafi gida alhali suna gida. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniya, a zauna da su. Yawan baccin rana shi ke kawo yawon dare. Sauya wa tsoho gida, wata guda a wurin wannan ɗa, wata guda a wurin wancan, yana ƙara ruɗa shi. Gara masu jinya su riƙa zuwa inda yake.

5.3 Tsaro

Haɗurran yankin sanannu ne: rijiyar da ba murfi, kududdufi da damina, bakin dam, gonar rake da mutum ke shiga ya ɓace wa ido, babura a kan hanya, murhu, da kaskon wuta lokacin hunturu. Maganin feshi da na ɓera da kananzir da aka zuba a gorar lemo sai a kulle su. A ɗinka wani ƙyalle a cikin rigarsa mai ɗauke da sunan gari da lambar wayar ɗansa. A rataya ƙararrawa ko gwangwani a ƙofar zaure. A sanar da maƙwabta, mai unguwa, mai shayi da 'yan acaɓa. Ɓoye ciwon don kunya shi ke sa tsoho ya yi nisa ba wanda ya tare shi. Ɗaurewa da kullewa a ɗaki suna ƙara masa firgici da faɗa. Fita da shi kullum, da ɗan rakiya, tana rage masa son ficewa.

5.4 Ci, sha da tsafta

Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, mai gigin tsufa kuma ba ya tuna ya nema. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu a riƙa miƙa masa ruwa, kunu ko fura a kai a kai. Idan ciwon ya yi nisa haɗiya takan yi wuya. A zaunar da shi sosai, a ba shi abinci mai laushi kaɗan kaɗan, kada a ɗura masa yana kwance, domin abincin da ya bi hanyar iska yana jawo ciwon huhu. Wanka wuri ne da kunya ke da ƙarfi. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, ko miji da mata, da ruwan ɗumi, a rufe inda ba a wankewa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa 'ya'ya maza su shiga jinyar mahaifinsu da hannunsu. A riƙa kai shi bayan gida kowace awa biyu ko uku, a ajiye fo da fitila a ɗaki da dare. Wanda ya kwanta ba ya tashi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi.

5.5 Canjin farat ɗaya da sha'anin magani

Gigin tsufa a hankali yake tafiya. Idan majinyaci ya rikice fiye da yadda aka saba cikin kwana ɗaya ko biyu, ko bacci ya yi masa yawa, akwai wani ciwo a ƙasa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, bushewar ciki, ƙarancin ruwa ko wani zafi da ya kasa faɗa. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma asibitin Ƙaraye ko na Rogo ko ma na matakin farko zai iya duba shi.

Har yau babu maganin da ke warkar da cutar. Irin su donepezil da memantine suna ɗan sassauta alamomi ga wasu na wani lokaci. Sayo maganin bacci a kemis don a samu a huta yana jawo faɗuwa da karaya. Magungunan taɓin hankali kuma suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu gigin tsufa, don haka sai da likita. Maganin hawan jini da na suga su zauna a hannun mutum ɗaya, shi ke bayarwa.

5.6 Ibada da dukiya

Alƙur'ani ya yi maganar shekarun da sani ke kuɓuce wa mutum a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, ya kuma yi umarni da kyautata wa iyaye a lokacin tsufa a Suratul Isra'i. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na hawan hukunci. Wanda hankalinsa ya gushe ba a tilasta masa azumi, ba a tsawata masa don ya maimaita salla ko ya rage raka'a. A bar shi ya yi yadda ya iya, domin salla da karatu suna cikin abubuwan ƙarshe da ke barin ƙwaƙwalwa. Batun gona, gida da bashi kuwa, a zauna da shi tun ciwon yana farko, a gaban shaidu, ya faɗi abin da yake so, ya naɗa wakili. Jinkiri shi ke buɗe ƙofar sayar da gona da dangwalen yatsan wanda bai san abin da ya dangwala ba.

6.0 Lafiyar Mai Jinya

Jinyar tana iya ɗaukar shekaru. Rashin bacci, ciwon baya, damuwa da yanke zumunci suna taruwa a kan mace ɗaya, kuma kunya ba ta barinta ta ce ta gaji da uwar mijinta. Tsawa da dukan da ake yi wa tsofaffi sau da yawa daga wannan gajiya suke fitowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyali su yi zama, a raba aiki da suna: mai kwanan ɗaki, mai wanka, mai kai asibiti, mai sayen sabulu da magani. A ba mai jinya yini ɗaya a mako ta je gidansu ko biki. Kuɗin da na birni ke aikowa a ware mata wani abu a ciki, domin sana'arta ta tsaya.

7.0 Shawarwari

Kayan aikin suna nan. A 2017 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da shirin yaƙi da cutar, wanda ya sa horar da masu jinya cikin manyan manufofinsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da iSupport, kundin koyar da masu jinya na gida, kuma shirinta na mhGAP yana koya wa ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane cutar. A Nijeriya akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya rage shi ne su iso ƙauye. Maƙalar tana ba da shawara kamar haka:

1. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Kano ta horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowace mazaɓa ta Ƙaraye da Rogo a kan gane cutar da koyar da iyali.

2. Sassan Hausa da na likitanci a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello su mayar da darussan iSupport zuwa Hausa, a boko da ajami, da kuma murya da za a saurara a waya da rediyo.

3. Islamiyyun matan aure su sa jinyar tsofaffi cikin darasinsu, domin a nan masu jinyar suke taruwa.

4. Masarauta ta umarci hakimai, dagatai da masu unguwanni su hana jifan tsofaffi da maita, su kuma tsara yadda za a yi cigiya idan wani ya ɓace. Limamai su yi huɗuba a kai, musamman a kusa da 21 ga Satumba, ranar cutar ta duniya.

5. A ƙarfafa awon hawan jini da suga, da gwajin ji da gani. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar suna da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da waɗannan.

6. Masu bincike su ƙidaya masu cutar a yankin, su kuma saurari masu jinya da bakinsu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana nan a Ƙaraye da Rogo, kuma a gida ake jinyarsa. Jama'ar yankin ba su rasa niyyar riƙe iyayensu ba. Abin da suka rasa shi ne bayani, da kuma adalci wajen rabon nauyi. Yawancin darussan da aka lissafa ba sa buƙatar kuɗi: barin musu, tsara yini, rufe rijiya, sanar da maƙwabta, gane ranar zuwa asibiti, da ba mai jinya hutu. Ma'aikacin lafiya ɗaya da malamar Islamiyya ɗaya da aka horar za su iya isar da su ga gidajen mazaɓa guda. Wannan aiki ne da ƙananan hukumomin biyu da masarauta za su iya farawa a cikin kasafin shekara ɗaya, kuma ya kamata su fara.